Yadda Ake Shiga Gwanjon Adireshin Intanet Ba Tare Da An Ingiza Ka Ba

A bara wani Alhaji mai shagon shadda da atamfa a wajen Ƙofar Ƙaura ya kira ni da sassafe. Ni na gina masa shafinsa shekaru uku da suka wuce, amma yaronsa ne ya yi rajistar sunan da imel ɗin da tuni ya manta mabuɗinsa. Ya ce, "Malam, shafina ya ɓace, an ce wai yana kasuwa ana taya shi. Kayana ne fa, wa ya ba su izini?" Na ce, "Ranka ya daɗe, haya ce ka kama, wa'adi ya cika ba a biya ba." Bai ji daɗin amsar ba, amma gaskiyar ke nan, kuma daga nan duk wannan harka ta faro. Adireshin intanet, wanda 'yan harkar ke kira domen, ba a sayensa dindindin. Ana kama shi ne shekara-shekara, har zuwa shekara 10 a biya ɗaya, kuma ranar da ka yi sakaci akwai masu jira.

Ga yadda nake bi da kaina idan zan taya suna, da abin da nake gaya wa duk wanda ya zo mini da irin matsalar Alhaji.

Mataki na farko: gano matsayin da sunan yake

Kafin ka buɗe asusu a ko'ina, shiga lookup.icann.org ka rubuta sunan. Shafin hukumar ICANN ne, wadda aka kafa a 1998 take kula da tsarin sunayen. Zai nuna maka kamfanin da ya yi rajistar, ranar da aka fara kama sunan, ranar ƙarewar wa'adi, da halin da yake ciki yanzu.

Sunaye irin .com da .net da .org hanya ɗaya suke bi. Idan wa'adi ya cika, kamfanin rajista na da damar riƙe sunan har kwana 45. A cikin waɗannan kwanaki ne manyan kamfanoni irin su GoDaddy da Namecheap da Dynadot ke fitar da shi gwanjo a kasuwarsu. In ba wanda ya taya, sai sunan ya shiga kwana 30 na fansa, inda tsohon mai shi kaɗai ke iya dawo da shi, da kuɗin da ya ninka na sabuntawa sau da yawa. Daga nan kwana 5 na jiran gogewa, babu mai iya taɓa shi. Sannan a sake shi, kowa ya kama.

Wannan lissafi yana da amfani domin in sunanka ne ya kufce, gwanjo shi ne zaɓi na ƙarshe. Fara da tuntuɓar kamfanin rajistarka ka tambayi ko ƙofar sabuntawa ko ta fansa tana buɗe. Na sha ganin mutum yana shirin taya abin da zai iya fansa da rabin kuɗin.

Mataki na biyu: san irin gwanjon da ka shiga

Iri uku ne, kuma amanarsu ba ɗaya ba ce.

Akwai na sunayen da wa'adinsu ya ƙare, wanda kamfanin rajista ke sayarwa da kansa. A nan babu wani mai kaya da zai sa ɗan'uwansa ya ƙara farashi, domin tsohon mai sunan yawanci ba ya samun ko sisi. Sai dai ka lura, kamfanin shi ne mai kasuwa, shi ne dillali, shi ne mai cin ribar. Kuma a wasu kasuwannin tsohon mai sunan yana iya sabuntawa ko da gwanjo ya yi nisa, a soke cinikin a mayar maka da kuɗinka. Kada ka buga katin kasuwanci ko allon shago da sunan sai ya shiga asusunka.

Na biyu shi ne na 'yan cafke, irin su DropCatch da SnapNames da NameJet. Su na'urori gare su masu wawurar suna a daƙiƙar da aka sake shi. Kai kama layi kake yi tun kafin ranar. In kai kaɗai ne a layin, ka biya ƙayyadadden kuɗi ka ɗauka. In kun yi yawa, sai a yi gwanjo. A wani wurin tsakanin waɗanda suka kama layi kaɗai ake yi, a wani wurin kuma, kamar DropCatch, a buɗe wa duniya, wanda bai ma san da sunan ba jiya ya shigo ya fi ka. Karanta wannan ƙa'ida kafin ka sa rai.

Na uku shi ne wanda mutum ya kawo sunansa da kansa, a Sedo ta ƙasar Jamus ko Flippa da makamantansu. Nan ne ya fi kama da karar Mai'aduwa, kuma nan ne ido ya kamata ya fi buɗewa.

Mataki na uku: binciki sunan kamar yadda ake duba haƙorin sa

Babu mai hankalin da zai yi cinikin biri a sama. Shiga archive.org, ka sa sunan a Wayback Machine, ka ga abin da aka taɓa ɗorawa a kansa. In caca ce, ko batsa, ko tallan magungunan bogi, to sunan ya ɓaci a wurin Google da masu tace imel, wasiƙarka za ta riƙa faɗawa kwandon shara, kuma wanke wannan datti aiki ne na watanni.

Kwafi sunan ka liƙa shi a wani wuri ka kalle shi harafi-harafi. Ana sa sifili a gurbin o, ko r da n a jere su yi kama da m. Akwai kuma sunayen da aka rubuta da haruffan wasu harsuna masu kama da na boko, waɗanda asalinsu ke farawa da xn--. Mu Hausawa muna da tamu damuwar: adireshi na yau da kullum ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ, don haka ƙasa da kasa abu ɗaya ne a can, haka ɓata da bata. Faɗi sunan da ƙarfi ba lanƙwasa ka ji ko bai koma wata magana da za ta ba ka kunya ba.

Sannan tambarin kasuwanci. In sunan ya ƙunshi sunan banki, ko kamfanin waya, ko wani sanannen kamfani, bar shi komai arhar sa. Tun 1999 akwai tsarin da ake kira UDRP, wanda mai tambari ke kai ƙara, galibi a hukumar WIPO da ke Janiba, ya biya dala 1,500, in ya yi nasara a ƙwace sunan a ba shi. Kasuwar da ta sayar maka ba za ta mayar maka da komai ba.

A ƙarshe duba NameBio, inda ake tara farashin sunayen da aka sayar, ka nemi masu kama da naka. Kada labarin Voice.com da aka sayar dala miliyan 30 a 2019 ya ɗauke maka hankali. Kalmar Turanci ce guda da duniya ke nema. Sunan Hausa mai kyau masu nemansa kaɗan ne, kuma wannan alheri ne gare ka in saye za ka yi. Kimar da na'urar kasuwa ke liƙa wa suna kuwa, ni ban taɓa ɗaukarta da nauyi ba. Mai cin la'ada ne ke gaya maka darajar kaya.

Mataki na huɗu: lissafa duk kuɗin, ka rubuta iyakarka

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi aka fi tsallakewa. Kuɗin da ka ci gwanjo da shi ba shi ne zai fita daga asusunka ba.

Wasu kasuwanni sai ka biya kuɗin zama mamba kafin ka taya. Na GoDaddy ya daɗe a wajen dala 5 a shekara. Wasu sai ka ajiye kuɗi ko an tantance katin shaidarka kafin a bar ka ka wuce wani adadi. In sunan mai ƙarewar wa'adi ne, za a ɗora maka kuɗin sabuntawa na shekara a kan farashin, kuma a farashin kamfanin, ba na garaɓasar sabon shiga ba. Kamfanin Verisign da ke riƙe da .com ya ɗaga abin da yake karɓa a kan kowane suna zuwa dala 10.26 a Satumban 2024, don haka duk wanda ya ba ka ƙasa da haka a shekarar farko, a ta biyu zai fanshe. Akwai ɗan ƙaramin kuɗi na ICANN, wanda bai kai dala ɗaya ba. Wasu kamfanonin waje kuma suna ƙara harajin VAT na Najeriya, kashi 7.5 cikin ɗari. Sai uwa uba canjin banki, wanda ba lallai ya yi daidai da farashin dalar da ka ji a rediyo ba.

Ga misali. A ce sunan ya kai maka dala 300 gaba ɗaya, ba ƙari. In ka ci a 240, aka ɗora sabuntawa a ce 20, ya zama 260. Haraji ya kai shi kusan 280. Kuɗin mamba ya sa 285. In banki ya ɗora a ce kashi 5, ka isa 299. Ashe iyakarka 240 ce, ba 300 ba. Wanda ya taya 300 yana ganin bai wuce gona da iri ba, zai tarar an cire masa fiye da 360.

Wani tarko kuma yana cikin sababbin wutsiyoyi irin .shop da .online da .xyz. Wasu sunayensu an ware su a matsayin na musamman, kuɗin sabuntawarsu na shekara yana iya kai ɗaruruwan daloli, kuma haka za ka riƙa biya kowace shekara. Nemi wannan adadi kafin ka taya.

Idan ka gama lissafi, rubuta adadin a takarda ka ajiye gefen kwamfuta. Ni har gaya wa wani nake yi, don in ji kunyar wucewa.

Mataki na biyar: shirya hanyar biya tun kafin ranar

Bankunanmu sukan sa iyaka ga abin da katin naira zai kashe a waje, kuma iyakar tana canzawa. Je reshen bankinka ka tambaya, ko ka yi amfani da katin asusun dala, ka gwada shi da ƙaramin biya kamar kuɗin mamba. Wa'adin biya bayan cin gwanjo gajere ne, sau da yawa kwana biyu ko uku. Wanda bai biya ba ana iya cin tararsa a rufe asusunsa, babu ruwan kasuwa da cewa katinka ne ya ƙi. Kuma ka buɗe asusun da sunanka na gaskiya kamar yadda yake a fasfo ko katin ɗan ƙasa. Ranar da rigima ta taso, da wannan za ka kare kanka.

Mataki na shida: karanta masu tayi

A kara kana ganin fuskar wanda ke taya tare da kai. Ka san dillali, ka san ƙanin mai saniya, in suka haɗa ido ka gane. A gwanjon intanet lamba kawai za ka gani, mai tayi na 1, mai tayi na 2, ko wani laƙabi. Abin da malamai ke kira najashi, wato mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba sai don ya ingiza wani, nan ya sami gidan zama. Hanin da Annabi (SAW) ya yi a kansa ya zo a Bukhari da Muslim daga Ibn Umar, alhali gwanjo kansa, na wa zai ƙara, malamai sun halatta shi. Matsalar tana wurin tayin ƙarya.

Kada a ɗauka zargi ne kawai. A Nuwamban 2009 kamfanin SnapNames ya fito da kansa ya sanar cewa wani babban ma'aikacinsa ya shafe shekaru tun 2005 yana taya sunaye a ɓoye da laƙabin halvarez. Abin ya shafi kusan kashi 5 cikin ɗari na gwanjon da aka yi a tsawon lokacin, kuma kamfanin ya yi tayin mayar wa waɗanda aka cuta rarar kuɗinsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne masu saye sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan laƙabi kafin a amsa. Mutum na ciki yana iya ganin abin da kai ba ka gani.

Don haka buɗe tarihin tayin ka zauna da shi. Ga abubuwan da ke sa ni janyewa. Mai tayin da kullum yake biyo ka da ƙaramin ƙari nan take, amma da ya wuce ka sai ya yi shiru ko ya janye. Laƙabin da ke bayyana a gwanjon mai kaya ɗaya kaɗai, kullum yana zuwa na biyu, bai taɓa ci ba. Sunan da aka ce an sayar makon jiya, yau ga shi ya dawo a hannun mai shi. Sai kuma saƙon da ke zuwa bayan ka faɗi, wai wanda ya ci ya kasa biya, ko za ka ɗauka a farashinka na ƙarshe? Tsaya ka yi tunani a nan. In wanda ya kai ka dala 400 na bogi ne, farashin gaskiya shi ne inda mai tayin gaskiya na ƙarshe ya tsaya, wataƙila 90. Wasu kasuwanni suna goge duk tayin wanda bai biya ba su sake lissafi, wasu su sake gwanjon daga farko, wasu kuwa su miƙo maka a farashinka na sama. Da wannan ƙa'ida guda nake auna adalcin kasuwa, kuma tana rubuce a sharuɗɗansu. Nemi kuma inda suka ce ko ma'aikatansu na da izinin taya.

Akwai kuma farashin ɓoye, wato ƙasan da mai kaya ya ɗaure cewa in ba a kai ba, albarka. Wannan ba cuta ba ce, haƙƙinsa ne, muddin shafin ya nuna akwai shi. Amma kada ka riƙa ƙara wa kanka da kanka don lalubo inda yake.

Mataki na bakwai: yin tayin

Yawancin kasuwanni suna da wakilin tayi. Ka sa iyakarka, na'ura ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan a madadinka har ta kai can. Yana da daɗi ga mai fama da wutar lantarki da sabis mai yankewa. Illarsa ita ce ka miƙa sirrinka ga kasuwa, kuma ɗan najashi na iya tura ka har ƙarshen iyakar. Shawarata: a gwanjon sunayen da wa'adinsu ya ƙare, sa wakili ka tafi harkarka. A gwanjon da mutum ya kawo kayansa, jira sai kusa da ƙarshe.

Kada ka taya da wuri. Suna mai tayi yana hawa saman jeri, 'yan kasuwar da ke bin jerin kullum su gan shi. Sai dai kada ka yi zaton za ka yi wuf a daƙiƙar ƙarshe, domin a GoDaddy da irinta tayin da ya shigo a mintunan ƙarshe yana ƙara wa agogo wasu mintuna, haka za a yi ta yi har ɗaya ya gaji. A nan ne shaiɗan ke raɗa maka cewa dala 5 ce kawai. Dubi takardarka.

Agogon ma abin lura ne. Da yawa lokacin Amurka suke nunawa, kuma birnin Niyok yana bayanmu da awa 5 ko 6 gwargwadon lokacin shekara. Gwanjo yakan ƙare mana tsakanin magariba da tsakar dare. Canja agogon asusunka zuwa namu, ka yi cajin waya, ka tanadi layi na biyu.

Mataki na takwas: karɓar kaya

In a cikin kasuwar aka yi ciniki, ita ke riƙe kuɗin har sunan ya shigo hannunka. In mai kaya ya ce ku fita waje don a guje wa la'ada, ka tura masa kai tsaye, ka ce a'a. La'adar nan ita ce kuɗin amanar. Idan dole sai a waje, a bi ta kamfanin riƙon amana irin Escrow.com, bayan ka tabbatar suna hulɗa da masu asusu daga Najeriya, a kuma yi yarjejeniya a rubuce kan wanda zai biya kuɗinsu. Rubuta adireshinsu da hannunka, kada ka latsa mahaɗin da mai kaya ya turo, don ana ƙirƙirar shafukan riƙon amana na bogi.

Sunan yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana a asusunka. Idan daga wani kamfani za a ɗauko shi, mai sayarwa zai ba ka lambar sirrin canja gida. Bayan canjin akan kulle sunan kwana 60 ba a sake matsar da shi ba, wannan ba abin tsoro ba ne. Da ya shigo, tabbatar sunanka da imel ɗinka ne a kai, kunna kulle, kunna tabbacin shiga mai mataki biyu, kunna sabuntawa ta kai tsaye. Dokar ICANN ta wajabta wa kamfani ya aiko da tunatarwa wajen wata guda da kuma mako guda kafin wa'adi, amma imel ɗin da ke kan rajista ake aika wa. Na Alhaji duk sun je akwatin da ba mai buɗewa.

In kai ne mai sayarwa

A taƙaice. La'ada a manyan kasuwanni takan kama daga wajen kashi 10 cikin ɗari har ta haura 20, gwargwadon kasuwa da yadda mai saye ya iso, kuma wasu suna da mafi ƙarancin la'ada da ke cinye ƙaramin ciniki. Duba yadda za su biya ka kafin ka sa kaya, don ba kowace hanya ke isowa bankunanmu ba. Kada ka sa abokinka ya ɗaga maka farashi, najashin ke nan ko da sunansa taimako. Kuma in wani ya aiko cewa zai saya da dubban daloli amma sai ka fara biyan wani shafi ya yi wa sunan kima, share saƙon. Shi ne mai shafin.

Alhaji dai mun tarar ƙofar fansa ta rufe, sunan yana gwanjo. Muka zauna a shago bayan la'asar muka yi lissafi, ya ce ba zai wuce dala 150 ba. Na sa masa, aka wuce mu da dare. Da safe ya ce, "Malam, a ƙara ashirin mana." Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya da bakinka ka yanke." Ya yi dariya ya ce to a bar musu. A ranar muka kama masa sunan shagon da wutsiyar .com.ng ta hannun ɗaya daga cikin kamfanonin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da .ng, ta amince da su. Da naira muka biya, na shekara biyar, da imel ɗinsa na kansa, ranar ƙarewar kuma ya sa yaro ya rubuta a bangon littafin bashi.